An Rubuta Ilham Ta Rasu

A Greensboro akwai mutum uku da ya kamata a sani kafin a shiga labarin nan, kuma kowannensu da abin da ya rasa.

Ta farko Ilham ce, 'yar aji shida, mai yawan tambaya. Ita da mahaifiyarta Dalila ba su rasa ci ko sutura ba, don Dalila tana aiki a wani kantin magani. Wurin zama na dindindin suka rasa. Tun da Dalila ta baro Columbus ta jihar Ohio da yarinyar a hannu, da takardar kotu da ta hana tsohon mijinta Zakaria kusantarsu, duk garin da suka sauka sai ya gano su, su sake tashi. Greensboro ne garin farko da Ilham ta ga bishiyar ƙofar gida ta zubar da ganye, ta toho, ta kuma zubarwa, ita tana nan.

Ta biyu Hajiya Bebi ce, mahaifiyar Dalila, wadda ta yi aikin buga tafireta a Zariya har ta yi ritaya. Tana zaune a McLeansville, kusa da Greensboro, wurin ɗanta na fari, Uwaisu, da matarsa Scholastica, nas, 'yar Kafanchan. Ita maƙwabta ta rasa. Can gida yana nesa da gida, kuma da safe kowa sai ya shiga mota ya tafi, a bar ta da taga da kwamfutar hannu da take sauraron karatu da ita.

Na uku Baba Maazou ne, mutumin Dakoro. A ƙuruciyarsa shi ake kira idan an kore raƙuma ko shanu, ya bi sawu har inda aka ɗaure su. Yanzu dawakin wani Bature yake kula da su a Summerfield. Yakan ce ƙasar nan duk kwalta ce da ciyawa, ba ta riƙe sawu, shi ya sa idonsa ya rasa aikin yi.

Abin ya faro ne daga aikin gida. Malamar su Ilham ta ce kowa ya zana bishiyar danginsu. Da yamma yarinyar ta zauna a teburin kicin, Dalila tana yanka albasa. Ta rubuta sunan kakanta na Zariya a intanet, ba ta ga komai ba, sai ta rubuta nata don wasa.

"Mama."

"Na'am."

"Mama, it says I'm dead."

"Ki daina wasa da bakinki. Wa ya mutu?"

"Ni. Zo ki gani."

Dalila ta goge hannu ta leƙo. Wani shafin bin asali ne, irin wanda mutane ke tara sunayen kakanninsu a ciki. Ga sunan Ilham cikakke, ga ranar haihuwarta da asibitin, ga sunan uwa da na uba. Ga hoton takardar haihuwarta ɓaro-ɓaro. A ƙasa an rubuta cewa ta rasu bana, a Greensboro.

Ba kalmar rasuwar ce ta tsinka wa Dalila zuciya ba, don ga yarinyar nan a gabanta tana cizon fensir. Sunan garin ne. Duk wanda ya san sunan Ilham, ko a ina yake, zai rubuta ya gani.

Ta karanta ƙa'idar shafin a tsaye. Ba sa nuna wa baƙo bayanin mai rai, na mamaci kaɗai suke buɗewa. Ke nan wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi: sai da ya kashe yarinyar a rubuce sannan ya samu damar tallata ta. Ta rubuta wa kamfanin nan take. Amsar da ta zo ta ce ta aiko da shaidar cewa yarinyar tana raye, kuma ta jira wasu makonni. Mai bishiyar dangin da aka sa ta a ciki, in ji su, yana iya gogewa a take, amma ba za su faɗi ko wane ne ba, domin suna kiyaye sirrinsa.

Kafin Juma'a zance ya zaga. Bayan salla mata suka tsaya a wurin ajiye motoci, kowa da nata. Wata ta ce sammu ne na zamani, a rubuta wa mutum mutuwa ya bi rubutun. Wata ta ce Zakaria ne ya sayi wani a cikinmu. Wasu suka tuna cewa Malam Faruk, mai kula da Islamiyyar Asabar da Lahadi, yana da takardun kowane yaro a durowarsa, kuma a ranar iyaye da dama suka je suka karɓe na 'ya'yansu. Wasu kuwa suka rage murya suka ce ai Scholastica ce mai son irin waɗannan shafukan, har yawunta ta taɓa aikawa a gwada mata asali.

Dalila ta dawo gida ta fito da kwalayen da ta san aikinsu. Ilham ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"I'm not moving."

"Da Hausa."

"Ba zan tashi ba. An sa ni a ƙungiyar gudu. Ina da ƙawa, Mama. Ta gaske."

Dalila ta dubi kwalin, ta dubi yarinyar. Ta ajiye salatif ɗin da ke hannunta.

"To. Zan nemo wanda ya yi. In na same shi ya goge kafin babanki ya ga ƙofarmu, mun zauna. In ban same shi ba, ba gardama."

Washegari da safe ita da Ilham suka sami Baba Maazou yana taje wa wani jan doki wutsiya. Ya saurari labarin bai katse ta ba.

"Ɗiyata, ni sawun raƙumi da na shanu na sani. Abin ga naku ba shi da ƙasa. Ina ƙafa za ta taka?"

"Baba, mutum ne ya yi shi. Kai da bakinka ka ce ba mai wucewa bai bar alama ba."

Ya yi dariya. "Bon. Kin kama ni." Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana duban hoton takardar. "Ba a fara bin sawu daga daji. Daga garke ake farawa, inda dabba ta kwana. Takardar ga, ina take kwana?"

"Wuri biyu. Malam Faruk yana da ɗaya. Ta asalin tana gidan Yaya Uwaisu, cikin jakar takarduna. Saboda yawan tashinmu na ajiye ta can."

"Wa ya san abin da kike gudu?"

"Yaya da matarsa. Da Malam."

"Hajiya fa?"

"Ita dai ta san mun rabu. Sauran ban gaya mata ba. Wannan ɗin ma mun ɓoye mata, kada jininta ya hau."

Baba Maazou ya rataye matajin a ƙusa. "Mu tahi garken farko."

Malam Faruk yana ƙaramin ofishinsa a bayan masallaci, ajin safe ya tashi ke nan. Dogo ne siriri, kuma ranar ya ƙara ramewa.

"Kun zo ku ma ku karɓi taku?" ya ce. "Ga durowar. Yaran da na koya wa alif da ba, iyayensu yau ko gaisuwa sama-sama."

"Gani muka zo yi, Malam, ba karɓa ba," in ji Baba Maazou.

Malam ya fito da takardar. Baba Maazou ya shimfiɗa ta a tebur, ya ajiye wayar a gefenta, ya kira Ilham.

"Idonki ya fi nawa sabunta. Mi kika gani?"

Ilham ta sunkuya. "Wannan baƙi da fari ce. Ta cikin wayar tana da kore a gefe. Kuma an ninke ta. Wannan ba a ninke ta ba."

"Voilà. Malam, wanga ba sawun garkenka ba ne."

Malam Faruk ya zauna a hankali kamar wanda aka sauke wa kaya. Sannan ya ce wa Ilham ta je ta ɗebo masa ruwa, ya jira ta fita.

"Dalila, dama ina neman ki. Jiya bayan kowa ya watse wata mata ta bugo wayar masallaci daga Ohio. Wai ita ƙanwar uban wata yarinya ce, Ilham, sun ji an yi rasuwa. Tana so a gaya mata maƙabartar, da gidan da ake zaman makoki."

Dalila ta dafa tebur. "Me ka ce mata?"

"Na ce ban yi wa wata yarinya salla ba bana, kuma ba na faɗin gidan kowa a waya."

"Sun san garin ke nan."

"Gari suka sani," in ji Baba Maazou. "Ba su san ƙofa ba tukuna. Tashi, rana tana tahiya."

Hajiya Bebi ce ta buɗe musu ƙofa a McLeansville, da murna kamar an yi mata Salla.

"Ƙawata, yau kin tuna da ni? Ko alewarki ce ta ƙare?" Ta rungume Ilham. "Malam Maazou, sannu da zuwa. Yaron nan ya fita tun safe, wai aiki, Asabar ma ba a bar shi ba. Ku zauna, in sa a kawo muku fura."

Suka bar Ilham wurinta a falo suka shiga kicin wurin Scholastica. Ita ce ta ɗauko jakar daga ɗakin ajiya, inda kowa na gidan yake iya kaiwa. Takardar tana ciki, mai koren gefe, a ninke yadda take a hoton.

Scholastica ta harɗe hannu. "Na san abin da ake faɗa a masallaci, Baba. In abu ya ɓata a gidan nan ai ni ce kusa da hannu. Gaskiya ne ina da account a shafin. Bari in buɗe muku, ku gani da idonku. Bishiyata mutanen Kafanchan ne zalla, kuma matattu na gaske."

Haka ne kuwa. Amma da yake ita mai rajista ce, shafin ya bar ta ta bi sunan Ilham ta shiga bishiyar da aka rataye shi. Sunan bishiyar Zuriyar Soba, sunan da dangin su Dalila ke amsawa. Mai ita bai sa sunansa ba. A ƙarƙashin Ilham akwai wasu hotuna da baƙo ba ya gani. Na farko ranar Salla ne, tana tsaye a ƙofar gidansu, lambar gidan a saman kanta. Na biyu tana sanye da rigar gudu mai sunan makarantarsu.

"Duk wanda ya yi rajista zai ga wannan?" Dalila ta tambaya.

"Duk wanda ya yi. Ba ta ɗaukar lokacin dafa shayi."

Baba Maazou ya ja kujera ya zauna, ya lumshe ido. "Karanta mini duka, ɗiyata. Daga sama. Kada ki tsallake kowa."

Scholastica ta fara. Kakanni da kakannin kakanni, 'yan Soba da 'yan Zariya, kowa da sunansa da laƙabinsa da garinsu. Ta zo kan masu rai, muryarta ta canza.

"Dalila, kin rasu a Greensboro. Gwaggo ta Kaduna ta rasu a Kaduna. Hajiya ma ta rasu." Ta ɗan tsaya. "To, ashe ni ma na rasu a McLeansville. Ba wanda ya gaya mini, da ban je shift ɗin jiya ba."

"Ke nan ba Ilham aka nufa ita kaɗai ba," in ji Baba Maazou, idonsa a rufe. "Ci gaba."

"Saura akwati biyu da ba suna. Ɗaya hoton Baba marigayi ne. Ɗaya kuma..."

Dalila ta leƙa. Hoton Uwaisu ne, cikin babbar riga, yana murmushi. An sa ranar haihuwarsa da garin, an ce ya rasu a McLeansville, amma wurin suna fayau.

"Ya ɓoye nasa," Dalila ta ce a hankali. "Ya tallata na 'yata, ya ɓoye nasa, kada a rubuta sunansa a same shi. Shi ne dama mai cewa yarinya tana bukatar ubanta, in yi haƙuri a sasanta."

"Dalila, mijina ko boarding pass ba ya iya fitarwa sai na yi masa."

"To ke kika yi masa."

Baba Maazou ya buɗe ido. "Akwatin marigayi, mi aka sa a ciki?"

Scholastica ta duba. "Komai. Ranar haihuwa, ranar aure, shekarar da ya je Makka, ranar rasuwa, har unguwar da aka binne shi. Sunan ne kawai babu."

"Duk sauran akwai suna? Har jarirai?"

"Har wanda ya rasu kafin a raɗa masa, an rubuta sunan da aka so a sa masa."

Ya miƙe. "Kira mijinki ya dawo yanzu. Dalila, kira Malam Faruk. An ɓata shi a gaban mutane, ya kamata ya ga ƙarshen sawu."

Bayan la'asar aka taru a falo. Uwaisu ya shigo da rigar aikinsa, kuma tun daga ƙofa shi da ƙanwarsa suka fara.

"Ni za ki zarga, Dalila? Wa ya tuƙo mota har Ohio ya ɗauko ku?"

"To me ya sa naka sunan ne kaɗai babu, Yaya?"

"Ina na sani? Ni ko shafin ban taɓa ji ba."

Baba Maazou ya ɗaga hannu. "A kira Hajiya."

"A'a, Baba," in ji Uwaisu. "Ba ma so ta ji wannan."

"An bar ta a waje ya isa. A kira ta."

Ilham ce ta riƙo hannun kakarta daga ɗaki. Hajiya ta dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Lafiya? Wa ya rasu?"

Baba Maazou ya sa Scholastica ta buɗe hoton Uwaisu shi kaɗai, ya cika fuskar kwamfutar, ta ajiye a tebur.

"Tambaya guda ce, kuma mai sauƙi. Kowa ya faɗi sunan mutumin ga. Malam?"

"Alhaji Uwaisu."

"Ke fa?"

"Uwaisu. Mijina," in ji Scholastica.

"Yaya Uwaisu," in ji Dalila, ba ta dube shi ba.

"Uncle Wais," in ji Ilham.

Uwaisu ya yi tsaki. "Ni ne, Uwaisu Soba. Sai me?"

Baba Maazou ya juya, ya ɗan rusuna. "Hajiya?"

Hajiya Bebi ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. "Haba, Malam Maazou. Kai ma ɗan Hausa ne. Ka san ba zan faɗa ba."

"Na sani. A buɗe na biyun." Hoton marigayi ya fito. "Wanga fa?"

"Malam ne. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Sunansa?"

"Ban faɗa ba yana raye, sai yanzu?"

Dalila ta ɗago kai a hankali.

"Raƙumi in ya zo wurin da ya san da ƙaya, tsallakewa yake," in ji Baba Maazou, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mai bin sawu yana duban inda aka taka, yana kuma duban inda aka ƙi takawa. Mai ɓoye kansa ba ya barin hotonsa. Wanda bai san suna ba, ba zai san ranar aure da shekarar zuwa Makka ba. Mutum guda ne a duniya ya san mutanen ga biyu ciki da bai, amma kunya ba ta barin shi ya kama sunansu, ko da yatsa. Matar wancan, uwar wanga."

Hajiya ta dubi kwamfutar da kyau, sai fuskarta ta washe. "Au, bishiyata ce kuke kallo? Ai da kun tambaye ni. So na yi in gama in nuna muku da Babbar Salla."

"Hajiya, ke kika yi?" in ji Uwaisu. "Yaushe kika iya wannan?"

"Ji shi. Da tafireta na ciyar da kai. Wannan ai ta fi laushi." Ta gyara zama. "Yaran nan na ga suna tashi ba su san kowa ba. Ƙawata ko sunan kakar uwarta ba ta sani ba. Na ce kafin in tafi in jera musu kowa."

"Amma me ya sa kika kashe mu duka, Mama?" in ji Scholastica.

"Gwaggonku ta Kaduna ce ta buɗe, ta ce ba ta ganin kowa sai matattu, masu rai duk an rufe su, wai private. Na yi ta taɓawa har na gane in na danna akwatin rasuwa sai mutum ya fito. Da kaina na fara. Ya tambayi gari, na sa wa kowa inda yake zaune. Ai ba komai ba ne, an ce wanda aka yi wa ƙaryar mutuwa tsawon rai yake yi." Ta sake duban su. "Me ya faru? Me ya sa kuke kallona haka?"

Uwaisu ya buɗe baki, Dalila ta tare shi. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, ta naɗe hannun rigarta na hagu.

"Hajiya, hannun nan da na ce miki ƙofar mota ce ta karya shi. Ba mota ba ce."

Ta faɗa mata sauran a taƙaice: kotu, da garuruwan da suka tashi, da wayar da aka bugo masallaci jiya, da lambar gidan da ke saman kan Ilham a hoton Salla. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannun, tana shafa wurin da ƙashin ya haɗe a karkace.

"Kuma kuka bar ni ina yi masa addu'ar Allah ya dawo da shi," ta ce. "Kuka mai da ni yarinya a gidan nan." Ta saki hannun. "Wannan maganar za mu yi ta, ni da ke da yaron nan. Yanzu ba lokacinta ba ne. Ƙawata, ɗauko mini kwamfutata da tabarau."

Ba wanda ya taɓa ganin yatsunta suna aiki sai ranar. Ta fara da hoton ƙofar gida, sai na rigar gudu, sai takardar haihuwa. Ta mai da Ilham cikin masu rai, akwatin ya rufe. Sannan ta kai yatsa kan wurin goge bishiyar gaba ɗaya.

"Wait," in ji Ilham. "Hajiya, kada ki goge kakanni. Ina da homework."

Malam Faruk ne ya fara dariya, sai Scholastica. Hajiya ta dubi Dalila.

"Ki bar waɗanda suka rasu da gaske," in ji Dalila. "Masu rai ki cire, ki rufe bishiyar. Gwaggo ki aika mata a waya."

Haka aka yi. Scholastica ta rubuta sunan Ilham a wayarta, ta rubuta a ta Uwaisu, ta juyo musu da fuskar. Babu komai.

Hajiya ta cire tabarau. "Malam Faruk, an ce saboda ni aka ƙi gaishe ka. Ka yafe mini. Ranar Juma'a ni da bakina zan gaya wa matan nan." Ta juya wurin surukarta. "Ke ma 'yata, na ji abin da aka ce. Kuma na kashe ki ban tambaye ki ba."

"Na yafe, Mama. Amma gobe in za ki tashe ni, ki bari sai na huta."

Dalila ta matsa kusa da wanta. "Yaya."

"Bar shi," ya ce. "Ni ma na yi ta ce miki ki yi haƙuri, alhali na ga hannun."

Sunan garin dai ya riga ya fita, kuma ba a mayar da shi. Ranar Litinin Dalila ta kai takardar kotu makarantar su Ilham da ofishin 'yan sanda. Malam Faruk ya yi wa jama'a magana, bai kama sunan kowa ba, ya ce gidan mutum da ranar haihuwar ɗansa amana ce. Juma'ar da ta biyo baya, wata mota mai lambar Ohio ta tsaya a bakin masallaci, wani mutum ya fito yana tambayar gidan da aka yi rasuwar yarinya. Ya tambayi direban tasi, ya tambayi mai sayar da kilishi, ya tambayi matan da ke wurin ajiye motoci. Kowa ya ce masa ba a yi rasuwa ba, kuma nan ba a nuna gidan mutane. Baba Maazou yana jingine da bishiya, ya dubi lambar motar sau ɗaya, kuma a ranar 'yan sanda suka same ta. Mutumin bai sake dawowa ba. Dalila ta ninke kwalayen ta kai su kwandon shara.

Ilham ta yi aikin gidanta a teburin McLeansville, a babbar takarda, kakarta a gefe tana jero mata sunaye da labarin kowa. Da suka zo kan masu rai, yarinyar ta ɗauki waya ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya ko su yarda a sa su, da abin da za a sa. Scholastica ta ce a sa sunanta amma ban da shekara. Dalila ta ce a rubuta Mama kawai. Akwati biyu suka rage.

"Hajiya, faɗi mana. Ba kowa a nan."

"Ke dai rubuta, ja'ira. Ai kin sani."

Ilham ta rubuta su da hannunta. Tana rubutawa ta gane cewa kakarta, wadda ta yi shekaru tana tsare sunaye biyu a bakinta saboda girmamawa, ita ce ta buɗe nata ga duniya saboda ƙauna, don ba wanda ya gaya mata gaskiya. Ta gane kuma cewa sunanta da ranar haihuwarta da ƙofar gidansu nata ne, kuma ko mai sonta sai ya tambaye ta kafin ya ba wani.